Wai da gaske dala 30 a rana za ta zagaya da mutum duniya?

Ranar Asabar muna zaune wajen mai shayi a Kubwa ƙanina ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya dubi wannan don Allah, Baturen nan shekara guda ke nan yana yawo ƙasa-ƙasa, wai dala 30 kawai yake kashewa a rana har da wajen kwana." Na karɓa na kalla. Yaro ne da ƙatuwar jaka a baya, ga shi a Tailan yana shan taliya a bakin titi, ga shi a Biyetnam a kan babur, fuskar nan duk rana ta ƙona ta amma sai dariya yake. Nan take teburin ya rabu biyu, wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta ɗan masu kuɗi ne yake raina wa mutane hankali, wasu suka ce a'a mu ne dai muka ɗauka fita waje sai mai hannu da shuni.

Ni a ganina duk sun kauce hanya. Baturen bai yi ƙarya ba. Matsalar ita ce lissafin nasa da fasfon ƙasarsu da kuɗin ƙasarsu aka yi shi, in ka ɗauko shi ka ɗora wa koren fasfo da naira sai ya ƙi zama.

Wace irin tafiya ce ma ake magana a kai?

Ba japa ba ce, don mai japa ya tafi ne da niyyar zama. Ba ci-rani ba ce, ba Umara ba ce, ba kuma irin zuwan 'yan kasuwarmu Dubai ko Caina ba ne su yi kwana goma su auno kaya su dawo. Wannan mutum ne zai tara ɗan guzirinsa, ya ajiye aiki ko ya ɗauki dogon hutu, ya fita wata uku ko shida ko shekara, burinsa kawai ya ga duniya, kuma kullum lissafinsa shi ne yadda kuɗin za su ja lokaci. Ba ya kwana a otal sai hostel, wato gidan da ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum shida ko takwas. Ba ya hawa jirgi in akwai bas, yakan ma zaɓi bas ɗin dare don ya huta da biyan kuɗin kwanan ranar. Abinci kuwa na bakin titi ne ko ya dafa da kansa.

Sirrin arahar a nan yake: tafiyar hawainiya. Ranar da ka motsa ita ce ranar da kuɗi ke fita, ranar da ka zauna wuri ɗaya kuɗi na hutawa. Wanda ya kama ɗaki na wata guda a gari ɗaya ya fi wanda ya taka ƙasa biyar a wata ɗaya samun sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma dala 30 ɗin nan matsakaici ne na wasu ƙasashe masu araha a Asiya, je ka gwada ta a Landan ko Faris ka gani, gadon hostel kaɗai zai iya lashe ta.

Mu juya ta zuwa naira mu gani

Dala 30 sau kwana 365 ta kama dala 10,950. In muka ɗauki dala a naira 1,500, wanda kusan a nan ta yi ta kai-kawo a 2024 da 2025, wannan "araha" ta zama naira miliyan 16 da dubu 425. A rana ɗaya naira 45,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, ke nan mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 20 bai ci ba bai sha ba bai hau keke-napep ba kafin ya haɗa kuɗin shekara ɗaya ta yaron can.

Kafin watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, farashin gwamnati wajen 460 yake, a wancan lissafin kuɗin ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba ga wanda ya samu dala ta banki. Har yanzu akwai tsarin PTA da ke ba matafiyi damar sayen dala har 4,000 a kowane wata uku, sai dai garaɓasar da ke ciki ta tafi tunda farashin banki da na kasuwa sun kusa haɗewa. Wani Alhaji ɗan canji da nake zuwa wajensa a Zone 4 ya taɓa ce mini, "Malam, in dai tafiya za ka yi ka canza kuɗinka tun yau, kar ka bar su a naira kana jiran ranar tashi." Gaskiyarsa. Shi Bature in ya tara kuɗinsa a yuro ko fam, abin da ya bari shi zai tarar. Kai kuwa kana can wata ƙasa kana barci guzirinka na iya ragewa a asusu ba tare da ka taɓa ko sisi ba.

Kuɗin da ke fita tun ba ka bar Abuja ba

Wannan shi ne ɓangaren da ba ya fitowa a bidiyo, don su ba su san shi ba. Mai fasfon Jamus ko Singafo yana shiga ƙasashe wajen 190 ba tare da ya je layin ofishin jakadanci ba. Namu bai kai 50 ba, har da waɗanda ake ba ka biza a filin jirgi.

Fasfon ma kansa daga watan Satumban 2025 ya koma naira 100,000 mai shafi 32 na shekara biyar, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000, kuma mai doguwar tafiya babban yake buƙata don hatimi na cin shafi kamar me. Sai katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, wanda in babu shi wasu bododin ba za ka wuce ba. Bizar Shengen, wadda ta haɗa yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun Yunin 2024, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, ban da inshorar lafiya da dole ta kai ta yuro 30,000, kuma ko an ba ka kwana 90 ne iyaka a cikin kowane kwana 180. Ta Amurka dala 185. In an hana ka kuɗinka sun tafi, babu mai mayar maka, kuma ana hanawa sosai, musamman saurayi marar aure wanda ya ajiye aiki ya ce shi yawon buɗe ido zai yi. Ka lura fa, ainihin siffar mai irin wannan tafiyar ita ce siffar da jami'in biza ya fi tsoro.

Wani abin haushin kuma, biza yawanci a ƙasar da kake zaune ake nemanta. Shi Baturen yana Tailan zai yanke shawarar gobe ya wuce Malesiya ya sayi tikitin bas shi ke nan. Kai kuwa in ka shiga wani ofishin jakadanci a can, amsar da za ka fi ji ita ce ka koma Abuja ko Legas ka nema. Ita Tailan ɗin ma kafin ta ba ɗan Najeriya biza sai ya kawo takardar wanke kai daga hukumar NDLEA.

Sannan akwai abin da nake kira ƙofa a buɗe hanya a rufe. Babados ba ta neman biza a wajenmu, to amma ta ina za ka bi? Jiragen da ke zuwa can yawanci ta Landan ko Amurka suke ratsawa, kuma ɗan Najeriya ko filin jirgi kawai zai zauna ya canza jirgi a Ingila ko ƙasashen Shengen sai ya nemi bizar yada zango, sai fa in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa. Ga kuma tikitin dawowa da za a tambaye ka tun a filin jirgin Nnamdi Azikiwe kafin a ba ka katin shiga jirgi, mai tikitin zuwa kaɗai sai ya sha tambayoyi, wani lokacin ma a bar shi a ƙasa.

Inda ƙofar take a buɗe da gaske

Afirka ta Yamma. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar mu zauna har kwana 90 ba biza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025 sun kama tasu ƙungiyar ta AES, kuma maganar tsaro a hanyoyin can ba sai na faɗa wa kowa ba. Amma Benin, Togo, Gana, Kodebuwa, Senegal, Gambiya duk suna nan. A gabas kuma Ruwanda ta cire wa 'yan Afirka biza.

Na taɓa yin ta mota daga Legas zuwa Akara. Nisan bai kai kilomita 500 ba, kamar Abuja zuwa Kano ne da ɗan ƙari, amma boda uku ce, hatimi shida, kowace boda a buga maka na fita a buga na shiga. A takarda kyauta ne. A ɗaya daga cikin bododin wani mai kaki ya juya fasfona gaba da baya ya ga babu hatimi ko ɗaya, ya ɗago ya yi murmushi ya ce ai sabo ne dal, sabon fasfo akwai kuɗin buɗe shi. Na ce ranka ya daɗe a wace doka? Bai ko tanka ba, ya ajiye shi gefe ƙarƙashin wata 'yar roba ta ruwa ya kira na bayana. Na tsaya minti arba'in a rana, direba na ta danna ham, wata Hajiya mai kayan atamfa da muke mota ɗaya ta leƙo ta ce, "Ɗana ba shi mu tafi, ni shekara goma sha ina bin hanyar nan ban ga wanda ya ci gardamar nan ba." Na biya. Babu rasit, kuma irin waɗannan ƙananan kuɗin da babu su a kowane lissafi su ne ke huda aljihu.

Kar kuma a ɗauka don maƙota ne akwai araha. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 yuro ɗaya, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban yuro ta yi ta a gaban sefa. Mu da muka taso naira na gaba da sefa, yau sefa dubu ɗaya ta haura naira 2,000. Dakar da Abijan garuruwa ne masu tsada na gaske. Jirgi tsakanin ƙasashen Afirka kuwa kar ma a yi magana, su can Turai suna da jiragen araha da mutum zai tsallaka ƙasa da kuɗin da bai kai na kwana ɗaya a otal ba, mu nan sau da yawa sai ka ratsa ta Lome ko Adis Ababa kafin ka isa ƙasar da ke kusa da kai.

Rayuwar da kamara ba ta ɗauka

Kwana huɗu na yi a hostel a Akara. Gadaje takwas masu hawa biyu, ni ina sama, fanka ɗaya. Abu na farko da na gano shi ne banɗakin babu buta, sai da na yanke gorar ruwa ta zama abokiyar tafiyata har na dawo gida. Na biyu sallar asuba. Ka tashi cikin duhu kana sanɗa kar gadon ya yi ƙara, ka rasa inda za ka shimfiɗa darduma don ƙasan duk jakunkuna ne da takalma, ƙarshe a baranda nake yi kusa da igiyar shanya, alhali wasu a lokacin ma suke dawowa daga yawon dare. Kicin ɗin na kowa da kowa ne, kaskon da za ka soya ƙwai ba ka san me aka soya a ciki jiya ba, sai ka wanke ka sake wankewa. Wanki da hannunka a bahon wanke fuska. Waya da fasfo a ƙarƙashin filo, ko wanka za ka shiga da su a leda.

Sai na koma Nima, unguwar zango, wani bawan Allah da muka haɗu a masallaci ya haɗa ni da mai ɗakin haya. Nan ne kuɗina suka fara numfashi. Da safe koko da ƙosai, su ma can Hausa koko suke ce masa, da rana shinkafa da wake irin tasu, da dare tuwo, Hausa kuwa ana yinta a kan titi kamar kana Sabon Gari sai dai harshen ya ɗan karkace. In akwai wata gata da Bahaushe ke da ita wadda Baturen can ba shi da ita to ita ce wannan, zango a Kumasi, zango a Lome, zango a Kwatano, duk inda ka sauka akwai masallaci da mai shayi da wanda zai ce maka baƙo daga ina. Amma fa alheri ne ba haƙƙi ba, kwana uku ake baƙunta, wanda ya mayar da shi tsarin tafiyarsa ya zama kaya.

Maganar cire kuɗi ma wani ciwon kai ne. A 2022 yawancin bankunanmu sun rufe amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa kuma da iyaka. Ko katin na aiki, lambar sirrin da banki ke turowa layinka na Najeriya take zuwa, in layin bai kama sabis a can ba kana ganin kuɗinka a asusu ba ka isa ka taɓa ba. Shi ya sa mutanenmu ke ɗaukar tsabar dala, wanda shi ma in ya wuce 10,000 dole ka bayyana wa kwastan, kuma mai yawo da duk dukiyarsa a ɗamara ba ya barci mai nauyi.

Ciwo kuma ba ya sallama. Zazzaɓi ɗaya ko haɗarin babur ɗaya zai iya cinye kuɗin wata biyu, don asibitin kuɗi a wurare da yawa sai ka ajiye kafin a taɓa ka. Ga kaɗaici, wanda ni shi ya fi ba ni mamaki. Sati na uku na fara jin ba na son ganin wani sabon wuri, so nake kawai in ji muryar Umma tana faɗa a tsakar gida. Kullum sabbin mutane, kullum tambaya ɗaya daga ina kake ina za ka, in ka ce Najeriya kuma wani sai ka ga ya ɗan gyara riƙon wayarsa.

"Ai kakanninmu sun yi ba su da ko sisi"

Wannan ita ce hujjar da wani dattijo ya kawo a teburin, kuma ba ƙarya ya yi ba. Doguwar tafiya da ɗan guziri ba Turawa suka koya mana ba. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya da jakuna, su ne ma asalin zangunan da na ambata. Alhazan da kuwa a ƙafa suke tafiya ta Barno su ratsa Cadi su shiga Sudan su tsallaka Bahar Maliya ta Sawakin, wani shekara biyar wani goma, wani ya yi aure a hanya ya haihu, wani bai dawo ba sam. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu har yau sunansa yake amsawa.

To amma da me suka yi tafiyar? Da aiki. Guziri ya ƙare a tsaya a yi noma, a yi ɗinki, a yi wanzanci, a koyar da allo, da yawa sun yi tsinkar auduga a gonakin Jazira ta Sudan, in an tara a ƙara gaba. Wannan ƙofar ita ce duniyar yau ta rufe. Bizar yawon buɗe ido ba ta halatta maka aiki ba. Akwai shafuka irin su Workaway da ake haɗa matafiyi da masu gona ko masu hostel ya yi musu aikin 'yan awanni su ba shi gado da abinci, amma ƙasashe da dama aiki suke ɗaukar wannan ko ba a biya ka ko kwabo ba, kuma in aka tashi kamawa ka san wa za a fara tambaya takarda. Akwai kuma bizar masu aiki ta intanet da ƙasashe suka fara bayarwa tun wajen 2020, sai dai ta masu ƙarfi ce, Fotugal alal misali tana son ka nuna kana samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinsu, a 2025 yuro 3,480 ke nan duk wata.

Wanda kuɗinsa suka ƙare ya ƙi dawowa ya wuce wa'adin biza, to ya tashi daga matafiyi ya koma mai ɓuya. Mun san labarin takaru a Saudiyya ba sai an ba mu ba. Tara, kamu, a maido ka, a hana ka shiga na shekaru, kuma duk wanda ya yi haka ya ƙara wa na bayansa tsauri a layin biza.

Masu cewa a je da masu cewa asara ce

Masu goyon baya suna cewa tafiya mabuɗin ilimi, matashi ya ga yadda wasu ke tafiyar da kasuwarsu da titinsu da wutarsu, ya koyi Faransanci a bakin masu shi, wataƙila ma ya dawo da hanyar kasuwanci. Ban musa ba, ni kaina sati biyar kacal na yi amma har yau ina cin moriyar mutanen da na sani. Masu adawa kuma suna cewa miliyoyin nan jari ne, fili ne a Mararaba ko kayan lefe, kuma a ƙasar da samun aiki ya zama abin da ya zama wa zai ajiye nasa ya ce zai dawo ya samu wani? Shi Bature kansa kaɗai yake ɗauke da shi. Kai albashinka akwai kuɗin makarantar ƙanne a ciki, akwai maganin Baba, akwai buhun shinkafar azumi, ranar da ka tafi duk waɗannan ba su tafi hutu ba. Mace kuwa nata lissafin ya ninka, ga maganar muharrami ga bakin dangi ga tsaron kanta.

Ni inda na tsaya, shekara guda ana zaga nahiyoyi da koren fasfo da kuɗin da aka tara a naira ba abin ɗan albashi ba ne, duk wanda ka ga yana yi ko dai yana da wani fasfon na biyu, ko kuɗi na shigo masa da dala, ko akwai mai tura masa daga gida bai faɗa ba. Amma wata ɗaya ko biyu a ƙasa ɗaya ko biyu na kusa, ta mota, a kama ɗaki a zauna, a ware kuɗin komawa gida daban waɗanda ko yunwa ba za ta sa a taɓa su ba, wannan mai yiwuwa ne ga wanda ya yi shekara yana tari.

Ƙanin nawa dai da muka gama ya karɓi wayarsa ya yi shiru yana danna kalkuleta, can ya ce, "Yaya, to ita Gana ɗin nawa ka kashe gaba ɗaya?" Na ce lissafin wancan lokacin ba zai yi maka amfani ba, naira ta canza sidin Gana ma ta canza, ka fara zuwa ka yi fasfo tukunna tunda ko shi ba ka da shi. Ya ce dubu ɗari fa. Na ce e, kuma mai shayi na jiran kuɗin indomi biyu da ka ci.